Tambayoyi da amsoshi kan lissafin "ko bayanin ya isa": lambobin da suka haura sifili da jimillarsu

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai suka fi yi mini idan muka zo kan wannan babi, musamman masu shirin GMAT da masu shirin jarrabawar neman aiki. Na tattara su wuri guda, kowacce da misalinta. Ka ajiye biro da takarda kusa, domin wannan lissafi ba ya zama a ka sai hannu ya taɓa shi.

Malam, wai wane irin lissafi ne wannan, kuma a ina ake cin karo da shi?

Sunansa a takardar jarrabawa Data Sufficiency. Ni nakan kira shi tambayar "ko bayanin ya isa", don abin da ake nema ke nan. Za a yi maka tambaya ɗaya, a biyo ta da bayanai biyu, na (1) da na (2). Aikinka shi ne ka duba ko abin da aka ba ka zai iya amsa tambayar, ko kuwa da saura. Amsar kanta babu wanda ya tambaye ka ita.

Gidansa na asali jarrabawar GMAT ce, wadda hukumar GMAC da ke Amurka take shiryawa domin masu neman gurbin digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato MBA da danginsa. A tsohon tsari, waɗannan tambayoyi suna cikin sashen lissafi. A watan Nuwamban 2023 aka fito da sabon tsari, aka rufe tsohon a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar harshe mai 23, sai sashen nazarin bayanai mai suna Data Insights mai tambaya 20, kuma can aka mayar da irin tambayoyin da muke magana a kai. Makin jarrabawar yana kamawa daga 205 zuwa 805.

A Najeriya kuma, bankuna da manyan kamfanoni da dama sukan kwaikwayi salon GMAT a jarrabawar tantance masu neman aiki, har matasa sukan kira irin wannan gwaji da sunan GMAT ɗin kai tsaye. Saboda haka ko ba ka da niyyar karatu a waje, kana iya tarar da shi a gabanka.

Zaɓin amsoshin nan biyar, kullum iri ɗaya ne?

Kullum. A: bayani na (1) shi kaɗai ya isa, na (2) shi kaɗai bai isa ba. B: na (2) shi kaɗai ya isa, na (1) bai isa ba. C: babu wanda ya isa shi kaɗai, amma in an haɗa su sun isa. D: kowanne ya isa shi kaɗai. E: ko an haɗa su ba su isa ba.

Haddace su tun a gida kamar yadda ka haddace lambar wayarka. Sannan ka lura da wata sauƙi: in ka gwada na (1) ka ga ya isa, amsa ta rage tsakanin A da D. In bai isa ba, ta rage tsakanin B da C da E. Da duban bayani guda ka zubar da biyu ko uku daga cikin biyar.

Yaushe ake cewa bayani "ya isa"?

Tambayoyin iri biyu ne. Akwai mai cewa "nawa ne x?" A nan bayani ya isa idan ya tsayar da kai a kan lamba ɗaya tak. In ya bar maka biyu, ko da 3 da 4 ne, bai isa ba.

Akwai kuma mai cewa "shin x ya fi 10?" A nan bayani ya isa idan amsar e ce a kowane hali, ko kuma a'a ce a kowane hali. Wannan na biyun shi ke kayar da mutane da yawa. Ɗalibi zai yi aikinsa daidai, ya gano amsar a'a ce tabbas, sai ya rubuta "bai isa ba" don kalmar a'a ta yi masa kama da gazawa. Ka tuna alƙali: in shaidu suka tabbatar wanda ake tuhuma bai aikata ba, shari'a ta yanke, kamar yadda za ta yanke in sun tabbatar ya aikata. Inda shari'a ke tsayawa shi ne inda shaidar ta yarda da duka biyun.

Idan aka ce lamba ta haura sifili, ba 1, 2, 3 ake nufi ba?

A'a, kuma a nan ne rabin asarar maki take. Kalmar da za ka gani a takarda ita ce positive, ma'anarta duk lambar da ta fi sifili. Rabi yana ciki. 0.001 yana ciki. Biyu da ɗigo bakwai yana ciki. Sifili kansa ba ya ciki, don shi ba sama yake ba, ba ƙasa yake ba. Sai an ƙara kalmar integer sannan ake nufin cikakkiyar lamba marar gutsure, irin 1, 2, 3.

Duba bambancin. An ce x da y sun haura sifili, x bai kai y ba, kuma x + y = 3. Nawa ne x? Wanda ya yi gaggawa zai ce 1, y kuma 2. Amma x yana iya zama 0.5, y ya zama 2.5. Yana iya zama 1.4 da 1.6. Amsoshi babu iyaka, don haka bayanin bai isa ba. Da an ce cikakkun lambobi ne, da 1 da 2 kaɗai suka rage, bayanin ya isa.

Dalilin wannan kuskure a fili yake: tun muna yara da tsakuwa da tsinken ashana muka koyi ƙirga, sai ƙwaƙwalwa ta saba da cewa lamba abu ce da ake ƙirgawa da yatsu. Dole ka tilasta wa kanka tambayar nan kowane lokaci: an ce cikakkiya ce, ko ni na ɗora mata?

Wasu kalmomi biyu da suka cancanci kulawa: non-negative na nufin sifili ya shigo cikin lissafi, distinct kuma na nufin lambobin ba su maimaita juna. In ba a rubuta ta biyun ba, x da y suna iya zama lamba ɗaya, ko da haruffansu sun bambanta.

To a yi mana misali cikakke daga farko har ƙarshe.

Ga shi. An ce a, b, c cikakkun lambobi ne da suka haura sifili, kuma a < b < c. Nawa ne c?
(1) a + b + c = 8
(2) a × b × c = 10

Kafin ka taɓa bayanan, tsaya kan abin da tambayar ta riga ta ba ka. Lambobi uku ne mabambanta, cikakku, ƙaramarsu ba ta gaza 1 ba. Mafi ƙarancin jimillar da za su iya bayarwa ita ce 1 + 2 + 3, wato 6. Ke nan 8 ba ta da nisa da ƙasa, hanyoyin samunta ba za su yi yawa ba, ana iya jero su.

Na (1): 1, 2, 5 sun ba da 8. 1, 3, 4 ma sun ba da 8. A na farko c ya zama 5, a na biyu 4. Tunda an sami biyu, ba sai ka ƙara nema ba. Bai isa ba. A da D sun fita.

Na (2): yanzu ka manta da 8 gaba ɗaya. Lambobi uku mabambanta da in an ninka su za su ba da 10: 1, 2, 5 ne kawai. 1, 1, 10 ba su shiga, don a da b ba za su zo ɗaya ba. Ke nan c = 5. Ya isa. Amsa B.

Yanzu ka canza lambobin: a ce jimillar 7 ce, ninkin kuma 8. Jimillar 7 daga lambobi uku mabambanta ba ta da hanya sai 1, 2, 4. Ninkin 8 shi ma ba shi da hanya sai 1, 2, 4. Amsa ta koma D. Lamba ɗaya aka rage a jimilla, hukunci ya juya. Shi ya sa ba na son ɗalibi ya ce mini "na taɓa ganin irinta, amsarta B ce". Kamannin tambaya ba ya gaya maka komai, sai ka jero.

An koya mana cewa abu biyu da ba a sani ba suna bukatar lissafi biyu. Me ya sa wani lokaci ɗaya yake isa?

Wannan ƙa'ida tana da amfani a aji, amma masu shirya jarrabawa sun san kowa ya haddace ta, don haka a kanta suke ɗana tarko. Idan abin da ake ƙirgawa ba ya gutsuruwa, kamar mutane ko awaki ko tikiti, lissafi ɗaya yana iya wadatarwa.

Ga misali. Wani iyali sun shiga motar haya, akwai manya akwai yara. Kuɗin babba naira 1,100, na yaro naira 700. Manya nawa ne?
(1) Gaba ɗaya sun biya naira 4,700.
(2) Su biyar ne.

Na (2) shi kaɗai bai isa ba, wannan ba ya bukatar dogon tunani. Mafi yawan mutane daga nan za su ce a haɗa su, su zaɓi C. Amma gwada na (1) shi kaɗai. Mu jefar da sifili bibbiyu, mu ce 11 da 7 da 47. In babba ɗaya ne, saura 36, bakwai ba ta raba 36. In biyu ne, saura 25, ba ta rabawa. In uku ne, saura 14, yara biyu ke nan cif. In huɗu ne, saura 3, bai kai kuɗin yaro ba. Hanya ɗaya ce tak: manya uku, yara biyu. Na (1) ya isa shi kaɗai. Amsa A.

Akwai dalilin da ya sa hakan ta faru, kuma in ka gane shi ba sai ka riƙa jerowa kullum ba. Don a sami amsa ta biyu, sai an musanya wasu manya da wasu yara ba tare da kuɗin ya canza ba. Da 11 da 7, ƙaramar musanya ita ce manya 7 a madadin yara 11, wato naira 7,700, alhali duk kuɗin 4,700 ne. Babu wurin musanya. Da kuɗin babba 1,000 ne, na yaro 500, jimilla 4,500, da babba ɗaya yana musanyuwa da yara biyu: manya huɗu da yaro ɗaya, manya uku da yara uku, haka dai. A nan sai an haɗa da bayani na (2), amsa ta zama C.

Don haka in ka ga farashi masu "kaifi" irin 7 da 11, ko 13 da 17, da jimilla ƙarama, ka yi zargin cewa lissafi ɗaya zai isa, ka gwada.

Akasin haka fa, lissafi biyu su kasa isa?

Yana faruwa idan na biyun na farkon ne ya sake riga. x + y = 12, sannan 3x + 3y = 36. Raba na biyu da uku, ka dawo kan na farko. A cikin labari sukan ɓoye shi: bayani ɗaya ya ce jimillar kuɗin mutum biyu 12,000 ce, ɗayan ya ce matsakaicin kuɗinsu 6,000 ne. Magana ɗaya ce. In ana tambayar kuɗin mutum guda, amsa E.

Idan jimilla ake tambaya, dole sai na san kowace lamba?

Ba dole ba ne, kuma wannan yana cikin abubuwan da na fi son ɗalibi ya riƙe. In tambaya ta ce "nawa ne x + y?", ka ɗauki x + y a matsayin ƙunshi ɗaya, ka nemi ƙunshin, kada ka kwance shi. Mai sayen buhun gero nauyin buhun yake tambaya, ba ya ƙirga ƙwayoyi.

Bayanin da ya ce 2x + 2y = 18 ya isa, don x + y = 9, ko da x da y ba su bayyana ba. Bayanai biyu irin 3x + 5y = 29 da 5x + 3y = 27, in ka tara su ka sami 8x + 8y = 56, jimilla 7, cikin numfashi ɗaya. Haka x² − y² = 21 tare da x − y = 3: tunda x² − y² daidai yake da (x + y) sau (x − y), jimillar 7 ce.

Ga inda sharaɗin haura sifili yake aiki sosai. An ce x² + 2xy + y² = 49. Wannan shi ne (x + y) sau kansa, don haka x + y ko dai 7 ko −7. In ba a faɗi komai kan x da y ba, amsa biyu ce, bai isa ba. In tambayar ta ce sun haura sifili, jimillarsu ba za ta faɗa ƙasa da sifili ba, −7 ta fita, bayanin ya isa. Kalma ɗaya a layin farko ita ta yanke hukunci, kuma layin farkon nan shi mutane suka fi tsallakewa da gudu.

Ina rikicewa da alamomin "ya fi" da "bai kai ba". Me ya halatta, me bai halatta ba?

Tarawa ta halatta in alamomin suna fuskantar gefe ɗaya. x > 4 da y > 6 sun ba ka x + y > 10, babu shakka. Ɗebewa ba ta halatta ba. Kada ka ce y − x > 2, domin x yana iya zama 10, y ya zama 7, duka sharuɗɗan sun cika, amma y − x ya faɗa ƙasa da sifili.

Ninkawa da rabawa su ne masu haɗari. In ka ninka ɓangarorin biyu da lambar da ta haura sifili, alama tana nan yadda take. In da wadda ke ƙasa da sifili ce, alama ta juya. In ba ka san wace iri ba ce, ba ka da izinin ninkawa sam. Misali x/y > 1. Shin x ya fi y? In y ya haura sifili, e. In ba a faɗa ba, gwada x = −3, y = −1: rabon ya ba da 3, ya fi 1, amma −3 bai kai −1 ba.

Wani misali mai sauƙin gani, wanda duk da haka yake kayarwa: x da y sun haura sifili. Shin x + y > 10? (1) x > 10. (2) y < 1. Ɗalibi zai ce ai ba a san y ba a na (1). Ba sai an san shi ba. Kome ƙanƙantarsa ƙari ne a kan abin da ya riga ya wuce 10. Na (1) ya isa. Na (2) bai ce komai kan x ba. Amsa A. Cire sharaɗin haura sifili, sai ka sami x = 11, y = −5, jimilla 6, labari ya canza.

Tsakanin tarawa da ninkawa, ba ninkawa ce kullum ta fi yawa ba?

Ga manyan lambobi haka ne: 5 + 3 = 8, 5 × 3 = 15. Amma 2 + 2 da 2 × 2 duk 4 ne. In ɗaya daga ciki 1 ce, tarawa ta fi: 1 + 9 = 10, 1 × 9 = 9. Tsakanin sifili da ɗaya kuwa, ninkawa ragewa take yi. Rabin rabi kwata ne. Duk wanda ya taɓa raba rabin burodi biyu ya san wannan, amma a ɗakin jarrabawa sai a manta.

Duba: x da y sun haura sifili. Shin x + y > xy? (1) x < 1. (2) y > 2. A na (1), tunda x gutsure ne, xy wani yanki ne na y, bai kai y ba. Shi kuwa x + y ya fi y. Ke nan amsar e ce kullum, ya isa. A na (2), ɗauki y = 3. Da x = 0.5, jimilla 3.5 ta fi ninki 1.5. Da x = 5, jimilla 8 ba ta kai 15 ba. E da a'a, bai isa ba. Amsa A.

Akwai wata alaƙa tsakanin jimilla da ninki da ta cancanci a sani. Ka ɗauka kana da waya mai tsawon mita 20 za ka kewaye fili mai kusurwa huɗu don shuka kayan miya. Tsawo da faɗi in an tara su mita 10 ne. In ka yi 9 da 1, filin 9 ne. 7 da 3, 21. 6 da 4, 24. 5 da 5, 25, kuma ba za ka taɓa wuce nan ba. In jimilla ta tsaya, ninki yana kai ƙololuwa ne lokacin da lambobin suka zo daidai. Saboda haka tambayar "shin xy < 30?" tana amsuwa da bayanin x + y = 10 kaɗai.

Juya shi kuma: in ninki ya tsaya, jimillar lambobin da suka haura sifili tana da ƙasan da ba ta wucewa. xy = 16 na nufin x + y ba zai gaza 8 ba, wato 4 da 4. Gwada 2 da 8, ka sami 10. Gwada 1 da 16, ka sami 17. "Shin x + y > 7?" E, kullum. Amma in an bar ƙofar lambobin ƙasa da sifili a buɗe, −4 da −4 ma ninkinsu 16 ne, jimillarsu −8.

Tambayoyin matsakaici fa, yaya zan tunkare su?

Da zarar ka ga matsakaici, mayar da shi jimilla. Matsakaicin lambobi biyar 12 ne, ke nan jimillarsu 60. Daga nan tambayar takan koma kan iyaka: babbar cikinsu za ta iya kai nawa, ba za ta gaza nawa ba?

Ka ɗauka mutum biyar ne suka haɗa gudunmawar biki ta dubu 60, kowa ya ba da wani abu. Babu wanda ya ba da dubu 60 shi kaɗai, tunda sauran huɗun ba su zo hannu sake ba. In kuma aka ce kowa cikakkun dubbai ya bayar, kuma babu biyu da suka ba da daidai, to don babban ya kai ƙarshen abin da zai iya, sai ka matse sauran: 1, 2, 3, 4, jimilla 10, shi ya ɗauki 50. Don ya yi ƙasa iya yi, sai ka jera su kusa da juna: 10, 11, 12, 13, 14. Ke nan babban yana tsakanin 14 da 50. "Shin ya fi 13?" E tabbas. "Shin ya fi 20?" Ba a sani ba. "Shin ya fi 50?" A'a tabbas, kuma ka tuna wannan a'a ɗin isa ce.

Lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko kansu, akwai wata dabara kan jimillarsu?

Akwai guda ɗaya mai yawan fitowa. Duk irin waɗannan lambobi, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu, mara ne, wato ba sa rabuwa biyu ba saura, ban da 2. Mara biyu in an tara su suna ba da lambar da ke rabuwa biyu ba saura. Saboda haka in jimillar biyu daga cikinsu ta fito mara, lalle ɗaya 2 ce. p + q = 15 tare da p < q ya isa: 2 da 13. p + q = 16 bai isa ba: 3 da 13, ko 5 da 11. Kuma 1 ba ta cikin wannan dangi.

Waɗanne lambobi zan riƙa gwadawa?

Kafin wace lamba, ka gyara niyyar gwajin. Ba kana gwadawa don ka tabbatar bayani ya isa ba ne, kana neman ka karya shi. In gwajin farko ya ba ka e, dukan ƙoƙarinka ya koma neman a'a. Wanda ya gwada 2, 3, 4, 5 ya sami e sau huɗu bai gwada komai ba, don duk halinsu ɗaya. Ɗauki 1, ɗauki rabi, ɗauki wata ƙaramar gaske kamar 0.01, ɗauki wata babba kamar 1,000, gwada x da y su zo daidai. In tambayar ba ta hana ba, ƙara da sifili da lambobin ƙasa da shi.

Sharaɗi ɗaya: lambar da ka ɗauka dole ta bi abin da tambaya da bayanin suka faɗa. In bayani ya ce x < 1, ba ka da damar gwada 3 ka ce ka karya shi. Bayanan gaskiya ne a ɗauke su, tambayar ce ake tuhuma.

Kuma gwaji ba ya tabbatar da isa, sai dai ya sa ka kyautata zato. In ka gwada iri-iri ka kasa karyawa, tsaya daƙiƙa kaɗan ka nemi dalilin, kamar yadda muka yi da x < 1 a sama.

Na kan tarar na yi amfani da bayani na (1) ina cikin duba na (2) ban sani ba. Ina mafita?

Raba takardarka gida biyu da layi. Abin da tambaya ta bayar ka rubuta shi a sama, don na kowa ne. Na (1) a hagu, na (2) a dama, kada ido ya tsallaka layin sai duka biyun sun gaza. Wasu sukan fara da bayanin da ya fi sauƙi ko da shi ne na (2), wannan ma babu laifi muddin ba ka rikita A da B ba.

Wani abin taimako: bayanan biyu ba sa saɓa wa juna. In na (1) ya ba ka x = 5, na (2) ya ba ka x = 7, akwai kuskure a aikinka, koma ka duba.

Lokaci yana ƙure mini. Ko don ina warware komai har ƙarshe ne?

Galibi shi ne. Mun taso a kan WAEC da NECO, inda ake ba da maki kan nuna aiki layi bayan layi, sai hannu ya saba ba ya tsayawa sai ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Wannan tarbiyya ce mai kyau a wurinta, amma a nan tana cin lokaci. Tambaya 20 cikin minti 45 na nufin minti biyu da daƙiƙa 15 ga kowacce, kuma wasu tambayoyin sashen masu jadawali da zane sun fi haka ci. In ka kai inda ka ga lalle lamba ɗaya za ta fito, kamar 17x = 4,913, tsaya nan. Ya isa. Akwai kalkuleta a kan allon kwamfuta a wannan sashe, amma a irin waɗannan tambayoyi da wuya ka bukace ta.

Sai dai a kula: tsayawa da wuri yana da kyau ne inda aka tabbatar amsa ɗaya ce. In x yana ninke da kansa, kamar x² − 5x + 6 = 0, ƙarasa, domin 2 da 3 duk sun haura sifili, amsa biyu ce. Amma x² − x − 6 = 0 yana ba da 3 da −2, sharaɗin haura sifili ya kori −2, saura ɗaya. A ido kamarsu ɗaya, na farko bai isa ba, na biyu ya isa.

Sabon tsarin ya ba da damar ka yi wa tambaya alama ka koma mata, ka canza amsa har uku a kowane sashe in lokaci ya rage. In wata ta riƙe ka fiye da minti uku, zaɓi mafi kusa daga abin da ya rage bayan ka zubar da A da D ko B da C da E, ka yi mata alama, ka wuce.

A ba mu ɗaya mu gwada da kanmu.

m da n cikakkun lambobi ne da suka haura sifili. Shin m + n ya kai 10 ko ya fi?
(1) mn = 24
(2) m − n = 2

Rufe abin da ke ƙasa ka yi naka tukuna.

Na (1): hanyoyin samun 24 su ne 1 da 24, 2 da 12, 3 da 8, 4 da 6. Jimillolinsu 25, 14, 11, 10. Ba mu san m ba, ba mu san n ba, ba mu ma san jimillar ba, amma dukansu sun kai 10. E ce kullum, ya isa. Na (2): 3 da 1 sun ba da 4, 7 da 5 sun ba da 12. Bai isa ba. Amsa A.

In ka zaɓi C, don ka haɗa su ka sami 6 da 4, lissafinka daidai ne, sai dai ka amsa tambayar da ba a yi maka ba. Yanzu sake yin ta ka cire kalmar "cikakkun". Gwada m = 4.9 da n = 4.9: ninkinsu 24.01, jimillarsu 9.8. Ka ga ke nan akwai lambobi biyu dab da waɗannan da ninkinsu 24 ne cif, jimillarsu kuma ba ta kai 10 ba. Na (1) ya faɗi, sai an haɗa da na (2), amsa ta koma C.